Tarwaɗar Rijiyarmu da Kifin Yaya Mansur

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, a zamanin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, mai ita sai ya fito tsakiyar titi zai amsa kira don kowa ya gani. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu da ke Tudun Wada ina kankare tukunyar tuwon jiya, sai na ji ihu ya tashi daga zaure, irin ihun da samari ke yi idan an zura ƙwallo. Na yar da soson na ruga da kumfa a hannuna. Na tarar zauren ya cika maƙil, samarin layinmu sun yi cincirindo a bayan yayana Mansur, shi kuwa yana zaune a gaban kwamfutarsa ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar shi ya ƙera ta. Bai taɓa komai ba. Gilashin ya ɗan yi duhu, sai ga ruwa shuɗi ya cika shi, ga kifaye suna kai da kawo a ciki, wani rawaya, wani ja mai ratsin fari, wani da jela baza-baza tana bin sa, kumfa kuma na tasowa daga ƙasa, har da ƙarar ɓulɓul a lasifika. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, Bature bai bar komai ba!" Yaya Mansur ya waiwayo ya gan ni, ya ce, "Rakiya, zo ki ga kifi na gaske, ba wannan baƙar abar taki ba." Aka kwashe da dariya. Na dubi kifayen nan da kyau, na ga duk sun yi kama da atamfa, na ja tsaki na koma wajen tukunyata.

Baƙar abar da yake nufi ita ce tarwaɗata. A wancan lokacin gidaje da yawa masu rijiya sukan jefa tarwaɗa ɗaya a ciki, don ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da ke faɗawa, ruwa ya zauna tas. Tamu ni na kawo ta. Ina aji biyu muka je gonar kawuna can wajen kogin Galma cirar gyaɗa, wani masunci da ke gyaran komarsa a bakin ruwa ya ga na tsaya ina kallon ƙananan kifin da ya ware gefe, sai ya ɗauki guda ya jefa mini a gwangwanin madara. Ba ta fi ɗan yatsana tsawo ba. Na riƙo gwangwanin nan a cinya tun daga gona har gida, ruwa na fallatsa mini a zane duk sanda motar ta faɗa rami. Inna ta leƙa ta ce, "Ai kin kawo mana ma'aikaciya, a saka ta rijiya." Da hannuna na zura ta a guga na sauke a hankali. Muka sa mata suna Goggo, saboda wata ƙanwar Baba mai 'yan gasu a haɓa, wadda har Allah Ya yi mata rasuwa ba ta san tana da takwara a rijiyarmu ba.

Kafin shekarar da nake ba da labari Goggo ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, ta yi baƙi sulɓi, kanta faffaɗa, ga gashin baki dogaye. Ba zan ce tana da kyau ba, ban taɓa faɗa ba. Amma ta san ni. Aikina na safe shi ne shara daga ƙofar ɗakin Inna zuwa zaure, sannan in cika randuna biyu da tulun Baba kafin in yi wanka in tafi makaranta, kuma duk wannan ɗibar ruwa tare da ita nake yi. Idan na buga gugar robar nan a jikin bangon rijiya, sai ka ga ruwan ya motsa, ta taso a hankali ta fito da baki ta shaƙi iska, ta jira. Ina ajiye mata ƙanzo, da tana idan na yi noman 'yar gonar kuɓewarmu ta bayan ɗaki, da shinge, ƙwarin nan masu fiffike da muke tsinta da safe a gindin fitila bayan ruwan farko. Da damina, idan rijiya ta ciko, har cikin gugar take shiga ta kwanta, in jawo ta sama in dube ta, in shafa bayanta mai yauƙi, in mayar. Ƙawayena idan mun gaji da 'yar gala-gala da carafke a tsakar gida sai mu jeru a bakin rijiya mu kifa ciki, kowa na son a ce ita Goggo ta kalla. A makaranta ma, ranar da malamin kimiyya ya zana kifi a allo, ni ce na ɗaga hannu na ce ai akwai kifin da ke shaƙar iska da baki, ya ce in zauna, ban fasa faɗa ba har sai da ya yarda.

Yaya Mansur kuwa a lokacin yana jami'a can Samaru, kuma tun da ya fara taɓa kwamfuta ya daina jin maganar kowa. Ya samo tsohuwa daga Kano, ya ce da ita zai riƙa buga wa ɗalibai takardu a zaure. Ba a yi wata biyu ba ya ce ba ta da ƙarfi, sai an sa mata wani kati a ciki, wanda shi ne ke zana hoto a gilashi, kuma irin wanda yake so ko a Kaduna ba kowa ke da shi ba. Ya sayar da babur ɗin da Baba ya saya masa don zuwa makaranta, ya sayo kati. Baba ya yi kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Na ga katin ranar da aka buɗe cikin kwamfutar za a sa shi, wani ɗan faifai ne kore mai fanka tasa ta kansa, kuma da aka cire murfin kyankyasai suka watso daga ciki, har da ƙwayayensu a manne a lungu. Wannan kati shi ne ya sa kifayen suke tafiya sumul ba sa tsayawa, ya sa haske ke wasa a bayansu. Sunan abin sikirin-seba, in ji Yaya, kuma ba ya fitowa sai an bar kwamfuta ba a taɓa ta ba. Wato dai an sayar da babur don a sami abin da ke aiki kawai idan an daina aiki. Ko linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, aka gusa da gwiwar hannu kifayen sun ɓace, sai ka ji an yi wa mutum ca kamar ya yi ɓari a masallaci.

Daga nan zaurenmu ya lalace. Takardun da za a buga suka taru a kan benci, masu su na zuwa suna komawa. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda ya kamata a ce suna shago ko gona, su wuni a zaune suna kallon ruwan ƙarya. Idan an ɗauke wuta a tayar da ɗan janareto a ƙofar gida, hayaƙinsa ya biyo zaure ya shigo mana har madafi. Katin nan zafi yake yi kamar murhu, don haka aka bar cikin kwamfutar a buɗe aka kafa mata fankar ɗakin Inna, ita Inna ta koma fifita da mafici. Ga warin takalma, ga ɓawon gyaɗa da tukar rake a ƙasa, ga ledojin ruwa an tsotse an watsar. Wa zai share? Ni. Kullum da safe sai na toshe hanci nake shiga da tsintsiya, ina shara ina tsine wa kifayen nan a zuciyata, su kuwa ko a jikinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kowa ya zama malamin kifi. Mutanen da ba su taɓa riƙe fatsa ba, kowa da shawarar yadda za a gyara abin. Sani, babban abokin Yaya, wanda ake kira Injiniya don ya taɓa gyara rediyo ɗaya, ya ce a ƙara kumfa, kuma a sa wani babban kifi ya riƙa haɗiye ƙananan don a ji daɗin kallo. Mai shayin bakin layi ya leƙo da butarsa a hannu ya ce shi duk bai ga na miya a ciki ba, a sa karfasa ko ragon ruwa. Malam Bitrus maƙwabcinmu, malamin sakandare ne mai natsuwa, ya tsaya ya daɗe yana kallo ta saman tabarau, sannan ya ce, "Mansur, kifin nan naka ba sa ci, ba sa kashi, ba sa tsufa. Ka gaya wa masu shi su sa musu ko yunwa ce." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Inna sau ɗaya ta shiga, ta tambaya wa ke canza musu ruwa, da aka ce ba a canzawa ta ce Allah Ya kyauta ta fita. Har Baba, bayan fushinsa ya sauka, ya ce in dai abin zai wuni a kunne to a sa ya riƙa nuna lokacin salla, ko samarin nan sa tashi.

Duk wannan surutu Yaya Mansur ɗaukarsa yake da muhimmanci. Ashe akwai wani dandali a intanet inda masu irin wannan kifi daga ƙasashe daban-daban ke rubuta wa waɗanda suka yi shi shawarwari. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau motar haya, tunda babu babur, ya tafi shagon intanet a Kwangila, ya dawo da labari. Wani ya ce a sa inuwar kifi ta riƙa faɗowa a kan yashi. Wani ya ce tunda katunan yanzu sun yi ƙarfi, a sa ciyawar ruwan ta riƙa rausaya, kifi su riƙa ɓuya a bayan dutse. Wani kuma ƙorafinsa idon kifin ba ya juyawa. Yaya ya ce shi kaɗai ne ɗan Najeriya a wurin, kuma kunya ce a ce kifayen duniya na ciki babu namu ko ɗaya. Sai ya rubuta musu cewa a sa tarwaɗa. Juma'ar da ta biyo ya dawo yana washe baki, wai wani a dandalin ya amsa, ya ce ba su san wannan kifi ba, a turo hotunansa masu kyau, ta gefe da ta sama da ta gaba, a cikin ruwa garau. Yana gama faɗa ya juyo ya kalle ni, na kuwa gane inda ya dosa tun bai buɗe baki ba.

Na ce wallahi ba za a taɓa mini Goggo ba. Ya ce minti kaɗan ne, a ɗauke ta hoto a mayar, kuma ashe ba na so duniya ta san ta? Na ce ba na so. Ya ce a kasuwar Sabon Gari ma ai akwai tarwaɗa, amma duk sun ƙuje, fatarsu ta yi fari-fari saboda cunkoso a baho, tamu ce mai sheƙi. Na kai ƙara wajen Inna ina kuka, ta kira shi ta ce, "Ka fita harkar kifin yarinyar nan, ka ji na gaya maka." Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin nasa, irin wanda ya ce wa Baba ne kafin ya sayar da babur. Kwanakin da suka biyo baya, kafin in tafi makaranta sai na jawo murfin rijiya na ɗora masa turmi, ina ganin kamar turmi zai hana ƙato.

Ranar Laraba ce. Inna ta tafi barka Gyallesu, Baba yana wurin aiki. Mu kuma aka tsare mu a makaranta bayan tashi muna cire ciyawar filin wasa, don za a yi baƙi. Na dawo da rana tsaka, hannuna duk kaikayi, na tarar ƙofar zaure a rufe, wadda ba a rufe ta sai dare. Na tura na shiga, wani zafi da wari suka buge ni. Yaya Mansur da Sani sun ɗauko akwatin gilashin da Inna ke sa cincin da alawar madara a ƙofar gida, sun liƙe gefunansa da gam, sun cika shi da ruwa har baki. Ruwan shuɗi ne shar. Ruwan rijiyarmu bai yi musu kama da na kwamfuta ba, shi ne suka ɗauko bular da Inna ke sa wa fararen kayan Baba suka zuba. Kumfa ma ba ta tashi yadda suke so ba, sai Sani ya barbaɗa garin sabulun wanki, ya zura robar ƙarin ruwa ta asibiti yana hurawa da baki. Sun kafa ƙwan lantarki babba a saman akwatin don haske, sun zuba tsakuwa da furen roba na ɗakin Inna a ƙasa. Kuma da yake tarwaɗar ta yi ta tsalle tana neman fita, sai suka ɗora gilashi a kai suka danne da bulo. A gefe ga kwamfuta a kunne, kifayenta na yawo, don su riƙa kwatantawa.

Goggo na ciki. Na gan ta tana tasowa sama tana buga baki a jikin gilashin murfin, tana neman iskar da babu, ta koma ƙasa, ta sake tasowa. Yauƙin jikinta ya saɓule yana yawo a ruwan kamar majina, gashin bakinta ya lanƙwashe, fatarta ta yi toka-toka. Yaya Mansur yana durƙushe da wata kyamara da ya aro, irin wadda ba ta da fim, yana cewa, "Sani, buga mata gilashin ta juyo, ta ƙi tsayawa." Daga baya na ji yadda suka kama ta. Ba su sha wata wahala ba. Gugata suka buga a bangon rijiya, ta taso ta shiga da kanta. Ban san sanda na kurma ihu ba. Na ture Sani, na ɗaga bulon na yar, na zura hannu biyu cikin ruwan nan mai ɗumi da santsi na rungumo ta a ƙirji, rigar makarantata ta rine. Yaya yana cewa in bari saura hoto ɗaya, ta gaba. Na dube shi, ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba, kuma ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ban mayar da ita rijiya ba, don kar sabulun ya ɓata ruwan sha. Na sa ta a bahon wanki na yi ta jawo ruwa ina zuba mata ina zubarwa, ina wanke mata jiki da tafin hannu, har igiya ta tsattsage mini fata. Malam Bitrus ya ji ihuna ta katanga ya shigo, ya tsuguna ya duba, ya ce in bar ruwan kaɗan yadda za ta iya fito da baki ba da wahala ba, in kai ta inuwa. Ya shiga zaure, ban ji abin da ya ce musu ba, na dai ga Sani ya fito sumui-sumui. Ta ɗan yi motsi wajen la'asar, har na fara murna, na kawo mata ƙanzo na riƙe a bakinta, ba ta karɓa ba. Kafin a kira magariba ta juya cikinta sama. Inna ta dawo ta same ni zaune a ƙasa a gefen baho, ta dubi akwatin cincin ɗinta, ta dubi ruwan bula da ya malale a zaure, ta ce, "Kai, Mansur. Kai, Mansur."

Abin da ba zan manta ba, Sani ya sake dawowa bayan sallar magariba, ya tsaya daga ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce tunda abin ya riga ya faru, kuma kifi ba ya mushe, me zai hana a yi farfesu. Inna ta ɗauki muciya, bai tsaya jin sauran ba. Washegari da sassafe na haƙa rami a gonar kuɓewa na binne ta, na ɗora dutse saboda kyanwa. Baba ya yi wa Yaya faɗa sosai, amma faɗan akwatin gilashi da ɓarnar bula ya fi yawa a ciki, kifi kuwa ya ce a sayo wani a kasuwa. An sayo ɗin, har sau biyu, babu wadda ta yi mako a rijiyar. Yaya ya kawo mini alewa da sabon fensir, na zuba su a kwata a gabansa. Na yi wata da watanni ban ce masa ko sannu ba, sharar zaure kuma na ce sai dai a kashe ni, Inna ba ta tilasta mini ba.

Duk da haka sai da ya tura hotunan. Ya je Kwangila ya tura, ya yi ta zarya yana jiran amsa. Ni ba a gaya mini ba, a bakin samarin zaure na tsinta, suna yi masa tsiya. Wai mutum ɗaya ne ya tanka, ya ce hotunan sun yi dishi-dishi, kuma kifin kamar ba shi da lafiya. Wani ya ƙara da cewa baƙin kifi marar launi irin wannan ba zai nuna ƙarfin kati ba, ɓata wuri kawai zai yi. Shi ke nan, aka wuce zuwa maganar inuwa da ciyawa. Kafin damina ta fita kuma rijiyarmu ta fara tsutsa, wasu jajaye ƙanana masu wutsil-wutsil, ka jawo guga ka gan su suna rawa a ciki. Sai da ƙyalle muke tace ruwan kafin a zuba a randa, kuma ni ce mai tacewa. Katin kuwa bai ga damina ta biyu ba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, ya yi ƙauri ya mutu, samarin suka watse kamar ba su taɓa sanin hanyar gidanmu ba.

Yau Yaya Mansur ya yi furfura, yana da shagon gyaran waya da 'ya'ya biyar, muna zumunci lafiya lau, shi ne ma ya tsaya a kan komai lokacin jinyar Inna. Idan maganar ta taso sai ya yi dariya ya ce, "Rakiya, har yanzu ba ki huce ba?" In ce na huce, mu bar zancen. Gidan Tudun Wada an zuba wa rijiyarsa kankare an haƙa burtsatse, ruwa na zuwa ta famfo, babu wanda ke leƙa ko'ina. 'Yata ƙarama tana da irin wannan kifi a wayar babanta, sun fi na Yaya kyau nesa ba kusa ba, da inuwarsu da ciyawarsu mai rausaya, idonsu ma yana juyawa, kai ka ce duk shawarwarin nan an karɓa. Kwanakin baya na ce bari in nuna mata mai rai. Na riƙe hannunta muka shiga layin masu kifi a kasuwa, na tsaya da ita a gaban wani baho, ga tarwaɗa baƙaƙe suna numfashi, wata ta fito da baki tana kallonmu. Na ce ta miƙa hannu ta taɓa bayanta, ba ta cizo. Yarinyar ta toshe hanci ta ja da baya ta ɓuya a bayan zanena, ta ce, "Mama, ƙazanta! Mu tafi, na gida sun fi." Na tsaya ina kallon wadda ta fito da bakin nan har mai kifin ya tambaye ni ko a yanka. Na ce a'a, muka juya. Ban ga laifin yarinyar ba, ba ta taɓa samun abin da ya san ta ba.